Hannun Vasu a Firjin Ulamila

Ranar da jirgin ruwan birnin Suva ya ga dama ya iso tsibirin Kadavu, Ulamila ba ta aiki kowa ba. Da kanta ta rufe gidan abincinta, ta hau kwale-kwale ta je ta karɓi kwalinta a bakin gadar da jirgin ke tsayawa, ta ɗora shi a cinya har gida kamar mai dawowa da jariri daga asibiti. Duk wanda ya tambaye ta abin da ke ciki sai ta ce maganin ciwon gwiwa ne. Ba wanda ya yarda, don maganin gwiwa ba ya zuwa a kwance cikin ƙanƙara, amma ganin yadda ta ɗaure fuska ya sa aka bar maganar. Mai tuƙin kwale-kwalen ne kawai, Jolame, ɗan ƙanwar mijinta, yake ta satar kallon kwalin yana murmushi, ita kuwa murmushin nan ya fi mata zagi ciwo.

Cuku ne mai laushi a ciki, da kirim, da bota, da biskit mai tsada, da sandunan baƙin cakulan mai ɗaci-ɗaci, kayan kek ɗin cuku ke nan kaf. Gidan abincin nata 'yan tebura ne a ƙarƙashin rumfar kwano, can ƙarshen gaɓa inda hanyar ƙafa ma take gajiya ta tsaya, mota kuwa ba a maganarta. Masu cin abincinta malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti in sun zagayo, sai Turawan nan da ke nitso su kalli kifi su fito ba su kamo ko ɗaya ba. Kifi a madarar kwakwa take dafa musu, da gwaza, da rogo, da kaguwa in an samu. Kek ɗin cuku kuwa wata 'yar New Zealand ce ta koya mata shekarun baya, lokacin da injin jirginsu ya mutu a gaban ƙauyen suka share damina guda suna jiran gyara. Ulamila ta iya shi sarai, sai dai ba ta cika yi ba, saboda a nan haɗa kayansa ya fi gasa shi wahala.

Wannan karon dole ce ta sa. 'Yarta Torika za ta zo daga Brisbane, can ƙasar waje, tare da Arieta, jikar da Ulamila ba ta taɓa riƙe hannunta ba, sai dai gani a waya ranar da sabis ya yi kirki. Zuwan Torika na ƙarshe, tun ba a haifi yarinyar ba, da kuka ya ƙare. Ta zo da akwatuna cike, dangi suka yi ta shigowa gaisuwa, wannan ya yaba agogo, waccan ta yaba takalmi, a wajenmu kuwa in ɗan'uwa ya yaba abu ya roƙa, ba ka da bakin hanawa. Ranar komawa da silifas ɗin uwarta ta hau jirgi, mijinta Bature yana biye da ita ba tabarau ba hula, rana ta dafa shi ya yi jawur. Ta rantse ɗan da za ta haifa ba zai taka wannan gaɓa ba, ta kuma riƙe rantsuwarta har yarinyar ta kai shekara tara. Yanzu ma da ta sauko, da sharaɗi ta sauko: za su gwada, in yarinyar ba ta sake ba za su koma otal a birnin Nadi su ƙarasa hutunsu a can. Ta ƙara da cewa Arieta ba ta cin gwaza, ba ta son kifi mai ƙaya, ranar haihuwarta za ta faɗo cikin kwanakin, kuma babu abin da take so a duniya kamar kek ɗin cuku mai cakulan.

Ulamila ta ajiye waya ta ja tsaki, ta ce yarinyar da ba ta cin gwaza da me aka gina ta. Ta yi mita har ta gaji, amma gaskiyar magana tsoro take ji. Baƙo raɓa ne, ita kuwa ba ta so jikarta ta zo mata a raɓa, rana na fitowa a neme ta a rasa. So take yarinyar ta zauna, ta saba, ta yi kuka ranar tafiya, ta dami uwarta sai an dawo da ita baɗi. In kek ne zai yi wannan aiki, to za a yi kek ko teku za ta ƙafe.

Matsalar ɗaya ce, sunanta Jolame. Vasu ne a gidan, wato ɗan 'yar'uwar maigida, vasu kuwa a gidan kawunsa ba ya roƙo, ɗauka yake yi. Sauran dangi sai sun zauna sun tafa hannu sun faɗi bukatarsu, ka samu ɗan sararin shirya ƙarya. Shi shigowa yake ya ga abu, ya sa a hammata, ya fita yana tambayarka ya gajiya. Haka kakanni suka bar mana, ba a jin kunyarsa, kawun ma alfahari yake a ce ɗan ƙanwarsa ya kwashe shi. To Jolame, ƙaton mutum mai 'ya'ya har da suruki, ya riƙe wannan al'ada da hannu biyu kamar shi kaɗai aka bar wa gadonta. Ya ɗauki adda, ya ɗauki rediyo, ya taɓa ɗaukar alade da ransa yana ihu. Duk ranar da Ulamila ta kai ƙara, mijinta Sakiusa sai ya ci gaba da ɗinkin tarunsa ya ce ai jininsu ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Hannunka ne, shi ya sa," in ji ta. "Firjin kuwa nawa ne."

Cuku da kirim ba su da mafaka sai firjin, shi ne kaɗai a wannan ɓangaren ƙauye, sola ke riƙe da shi da kyar. Ta naɗe su a tsohuwar jaka ta tura bayan tukunyar ganyen gwaza, ta san babu namijin da zai ɗaga tukunyar ganye don neman alheri. Biskit da cakulan kuwa ta kai su akwati, ƙarƙashin farar rigarta ta zuwa coci. Can suka zauna lafiya har ranar aiki. Kuskurenta ɗaya, da safiyar ta fito da su ta jera a kan teburin kicin, sai ga wasu Turawa biyu sun faɗo suna neman ruwan kwakwa. Ta fita ta sare musu kwakwa, ta tsaya ta saurari labarin wani kifi mai shuɗin wutsiya da suka gani, kamar ita ba ta taɓa soya ɗan'uwansa ba. Da ta dawo, biskit ya tafi gaba ɗaya, cakulan ya ragu da fiye da rabi.

Ba ta sha wahalar nema ba. A inuwar bishiyar mangwaro ta same su, mazan ƙauye sun yi da'ira a kan tabarma suna shan yangona, jiƙon dakakkiyar saiwa mai ɗaci da maza ke sha a taro, tun rana ba ta yi tsaka ba, wai ana gyaran rufin coci. Duk wanda ya shanye ƙoƙonsa ya yamutsa fuska, sai ya miƙa hannu ya ɓalli cakulan ɗinta ya wanke baki da shi. Mace ba ta ratsa da'irar yangona a tsaye, balle ta fizge abu daga tsakiya, don haka Ulamila ta zauna a bakin tabarma kamar mai ladabi, tana kallon kek ɗin jikarta yana zagaya dattawa gutsure-gutsure. Shi kansa Sakiusa yana wurin, da ɓurɓushin biskit a gemu, ya ƙura wa ƙasa ido kamar ya ga tururuwar da ya sani.

Jolame ya waiwayo ya gan ta, fuskarsa ta cika da tausayi. Nei yake ce mata, wato matar kawu.

"Nei, an cuce ki a Suva. Wannan sun manta ba su sa masa sukari ba."

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce shi ma ya ji, bai dai so ya faɗa ba ne. Ulamila ta ce musu a sha lafiya, ta ja da baya ta miƙe, ta yi tafiyarta. Sai da ta yi nisa sannan ta fara magana ita kaɗai, kaji na watsewa a gabanta.

Wani jirgin ba zai zo ba sai bayan an gama biki an share wuri. Saboda haka ta wuce kai tsaye gidan fasto, ta zauna a bakin ƙofa, ta tafa hannu, ta yabi gwangwanin garin koko da matar fasto ke ɓoyewa don shayin Lahadi. Matar ta miƙo shi tana murmushin da bai kai ido ba. Ulamila ta karɓa ta yi godiya ta fito, ko kaɗan ba ta ga kamar abin da aka yi mata ta yi wa wata ba, don nata dalilin mai ƙarfi ne. Kowa dai nasa dalilin mai ƙarfi ne.

Ta rufe kicin ta saka sakata. Biskit ɗin shayi mai tauri, wanda ake samu a kowane kanti, shi ta daka a turmi da garin koko da ɗan sukari, ta kwaɓa da narkakkiyar bota, ta danne a gindin gwangwanin gashi da ƙasan kofi har ya kwanta lif. Ragowar cakulan ta narkar a kwano bisa tururin ruwan zafi, tana juyawa tana lissafa sunayen dattawan da suka ci sauran. Cukun da hannu ta buga shi, da muciyar katako, don in ta kunna injin bugawa firji zai ɗauke, ta buga har kafaɗarta ta fara kuka, har babu gudaji ko ɗaya. Ta fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ta zuba kirim, sannan ta tsiyaya cakulan a hankali, farin ya yi duhu, ya yi sheƙi, ƙamshi ya cika ɗakin ya fita ta taga. Nan ta tuna ta rufe tagar ma, ta zauna cikin zafi tana zufa. Ta ɗora gwangwanin a tire mai ruwan zafi ta tura cikin oben, ta rage wuta, ta ja kujera ta tokare ƙofar da bayanta.

Kek ɗin cuku ba ya son gaggawa, ba ya son iska, ba ya son a leƙa shi. Ka buɗe masa ƙofa kafin lokaci sai ya tsage maka daga wannan gefe zuwa wancan. Sakiusa ya zo ya ƙwanƙwasa, wai yana so ya ga yadda abin ke tashi, ta ce masa ya je ya ga yadda rufin coci ke tashi. Da gefen ya kama, tsakiyar na ɗan rawa, ta kashe wuta, ta sa cokali ta ɗan tokare ƙofar, ta bar shi ya huce da kansa. Ya fito sumul, baƙi wuluk, ba tsaga ko ta gashi. Ta tsaya ta kalle shi, ranta ya yi sanyi karo na farko a makon, sannan ta sa shi cikin firji, a hawa na sama, don ya kwana ya daskare.

Washegari ce ranar isowar baƙi, kashegarinta kuma ranar haihuwa. Ulamila ta dawo daga tsinko lemon tsami a bayan gida ta tarar da ƙofar firji a buɗe, Jolame a durƙushe a gabansa. Wani ƙaton kifi ne a hannunsa, tsawonsa ya kai yaro, yana ta lanƙwasa shi ya shiga. Kek ɗin kuwa ya fito da shi ya ajiye a kan tebur, a zafi, kusa da wutsiyar kifin da ke ɗigar ruwa. Da ya ji motsinta bai ko razana ba. Ya ce ashe wannan ne maganin gwiwar, ya kai hanci ya shinshina, ya ce bari ya kai wa matarsa ta ɗanɗana, ita ma gwiwarta na damunta. Ya sa hannu biyu ya ɗauka.

Tura ta kai bango.

"Ajiye shi, Jolame."

Ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

"Na ce ka ajiye. Uwarka ƙanwar Sakiusa ce, ba ƙanwata ba. Ka je ka ɗauki tarunsa, ka ɗauki wandonsa, ka ɗauki gemunsa in kana so, amma ka fita mini daga kicin da wannan ƙarnin naka. Kai da ire-irenka kuka kore mini 'ya, kuka hana ni ganin jikata har ta yi wayo ba ta san ni ba. Yanzu kuma ɗan abin da zan tare ta da shi ka zo ka ɗauka?"

Babu wanda ya taɓa gaya wa vasu haka a ƙauyen, ko a cikin maye. Jolame ya tsaya da kek a hannu, dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya mayar da shi saman firji a hankali, daidai inda ya same shi, ya rufe ƙofar. Ya ce, "To, Nei," ya sunkuyar da kai ya fita, ya bar kifin a ƙasa.

Sakiusa, wanda ya ji komai daga rumfa, ya shigo ya daɗe yana kallon kifin. Can ya ce tun asuba yaron nan ya fita can cikin teku, bayan duwatsun murjani, shi kaɗai, don a tari Torika da kifi marar ƙananan ƙaya, tunda an ce jikar ba ta so. Ulamila ta ji abu ya soke ta, amma ba ta nuna ba. Ta ce to ya buɗe baki ya faɗa mana, shi ba a san ranar da ya zo bayarwa da ranar da ya zo ɗauka ba. Ta durƙusa ta fara fere kifin da ƙarfin da ya wuce bukata.

Duk da haka Jolame ne ya je Vunisea ya ɗauko su daga filin jirgi, don babu wani kwale-kwalen. Torika ta sauko da 'yar jaka guda, ba agogo, ba ɗan kunne, ba zobe, kamar mai shiga kasuwar ɓarayi. Uwa da 'ya suka rungume juna suka yi kuka, sannan Torika ta turo yarinyar gaba. Siririya ce mai manyan idanu, da takalmi da safa a kan rairayi. Ta miƙa wa kakarta hannu kamar mai gaisawa da hedimasta, ta faɗi gaisuwar da aka biya mata a jirgi, ta koma bayan uwarta.

Yinin ranar ya fi ranar cakulan ɓata wa Ulamila rai. Yarinyar ta zauna a bakin kujera, hannu a cinya. Ruwan sha sai ta nemi izini. Zagayawa bayi sai ta nemi izini. Kyanwar gidan ta zo tana goga mata jiki, ta tambaya ko an yarda ta taɓa ta. Duk abin da aka miƙa mata sai ta dubi uwarta tukuna, sannan ta karɓa ta ce ta gode, ta ci kaɗan ta ce ta gode, a ɗauke kwanon ta ce ta gode. Ashe Torika ta ja mata kunne tun daga Brisbane: kada ta ɗauki komai, kada ta yaba komai, kada ta roƙi komai, su ba haka suke ba. Ulamila ta ce mata nan gidan kakarta ne, ta yi abin da ta ga dama. Yarinyar ta ce ta gode. Ko Turawan nitso sun fi ta sakewa, su har ƙafa suke ɗorawa a kan kujera. Ulamila ta shiga kicin ta tsaya a gaban tukunya, haushi da baƙin ciki suka haɗu mata, ta rasa wanda za ta zaga. Ta taga ta jiyo Torika a waya tana tambayar ko akwai kujera biyu a jirgin Litinin.

Jolame bai shigo gidan ba. Ya tsaya can bakin ruwa yana kwance injinsa, ko da Torika, da yake taubashiyarsa ce, ta ɗaga murya ta kira shi ɓarawon tabarau, hannu kawai ya ɗaga. Da la'asar Ulamila ta hango yarinyar ta isa wurinsa, ta tsaya nesa kaɗan da hannu a baya, da alama izinin kallo take nema. Daga baya ta hango ta tsugune tana riƙe masa sukurudireba, shi yana magana yana nuna gidan, yana nuna ƙirjinsa, yana nuna ta. Ulamila ta ce a ranta Allah kaɗai ya san irin karatun da ake ɗora mata, amma ba ta da fuskar zuwa ta raba su. Ta leƙa firji, kek na nan, ta ce gobe dai a yi ta ta ƙare.

Ranar haihuwa tun safe aka tona rami aka jera duwatsu masu zafi, aka rufe alade da gwaza da ganyen ayaba don su gasu. Mata suka cika rumfa suna kankare kwakwa, aka haɗe tebura, aka yayyafa furanni. Ulamila ta rage guntun cakulan ɗaya tun ranar gashi, ta ɓoye shi a aljihu a cikin leda, don ta kankare a saman kek ɗin daf da fitowa. Da rana ta yi tsaka ta wanke hannu, ta ɗauko babban farantin da ba a fitowa da shi sai Kirsimeti, ta buɗe firji.

Saman firjin wayam.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye farantin, ta ɗauki tsintsiyar kwakwa mai tsawo, ta fita ta tsakiyar mata. Ganin fuskarta ya sa Torika ta bi ta, Sakiusa ya bi Torika, sauran suka ajiye kwakwa suka biyo baya, don irin wannan kallo ba kullum ake samu ba. Ta miƙe gaɓa tana tafe tana faɗin abin da za ta yi wa Jolame, vasu ko ba vasu ba, ko da za a kai ta gaban dagaci a sa ta neman gafara da haƙorin babban kifi, yadda al'ada ta tanada. Ta zagaya bayan wani tsohon kwale-kwale da aka kife a inuwa, da tsintsiya a sama.

Arieta ce zaune a rairayi ta tanƙwashe ƙafa, ba takalmi ba safa, da gwangwanin kek a cinya. Yaran ƙauye sun kewaye ta, wani da ɓawon kwakwa, wani da ƙwaryar kifi, wani da yatsa kawai, ita tana yankowa da hannu tana rabawa tana kai nata baki. Cakulan har goshi. Fiye da rabi ya tafi, sauran ya zama taɓo. Jolame yana zaune can gefe ya jingina da bishiya, da ya ga tsintsiya sai ya buɗe tafukansa biyu ya nuna mata, fes suke.

Torika ce ta fara samun baki. Ta hau yarinyar da faɗa da Turanci don kunya, ta ce wannan sata ce, ba haka ta rene ta ba, ta tashi ta ba kakarta haƙuri yanzu-yanzu, kuma ba sai Litinin ba, yau za su bar nan. Yaran suka daskare da hannu a baki. Arieta ba ta dubi uwarta ba. Kakarta ta duba, ta nuna Jolame da hannu mai cakulan.

"Bubu, ya ce mamata 'yar gidan nan ce, don haka ni ma vasu ce kamarsa. Ya ce komai na gidan nawa ne, ba sai na tambaya ba, kuma ba za a kore ni ba. Gaskiya ne?"

Ulamila ta dubi kek ɗin. Ta tuna kwalin a cinyarta, da bakin tabarmar yangona, da kafaɗar da har yanzu ke mata ciwo, da saman nan mai sheƙi da ba wanda ya gani sai ita da ɓarayi. Haushi ya taso mata, na gaske, irin wanda ba a ji a kan baƙo. Sai ta lura tun da yarinyar ta sauko daga kwale-kwale, yanzu ne ta fara kiran ta Bubu, wato kaka, ba tare da an tuna mata ba.

"Gaskiya ne, ja'ira mai kunnen ƙashi," in ji ta. "Amma ko vasu yana bari a kunna kyandir. Dubi fuskarki. Dubi abin da kika yi wa aikin kwana biyu. Matsa can."

Ta yar da tsintsiyar, ta zauna a rairayi da kayan bikinta, ta sa hannu cikin gwangwanin ta ɗebo. Ba bakinta ta kai ba. Ta ja jiki zuwa gindin bishiya, ta kamo tafin Jolame ta zuba masa. Ya ci a hankali, ya lashe yatsa, ya ɗan yi tunani, sannan ya ce har yanzu dai da ɗaci, Nei. Ta kai masa duka a kafaɗa, matan da ke tsaye suka fashe da dariya.

Torika ba ta yi dariya ba da farko. Ta zauna a gefen kwale-kwalen tana kallon 'yarta, wadda ta koma rabon kek tana gardama da wani yaro a kan wa ya fi samu, kowa da yarensa, kuma suna fahimtar juna. Can ta share ido ta ce, "Mama, kin san ƙofar da kika buɗe kuwa?"

Ulamila ta ce ta sani sarai, da guda ɗaya ma ta yi furfura, yanzu ga su biyu.

Ranar Litinin ƙaramin jirgin ya taso daga Vunisea ya wuce ta saman ƙauyen, Torika na rumfa tana kankare kwakwa da zanin uwarta, ko kai ba ta ɗaga ba. Ulamila kuwa tana ta zagaye gida ƙafa ba takalmi tana neman silifas ɗinta, ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba bakin bayi, ta tuhumi Sakiusa, ta tuhumi kare. Da ta leƙa gaɓa sai ta hango su can nesa a ƙafar Arieta, sun yi mata yawa tana jan su, tana bin bayan Jolame zuwa kwale-kwale, da sabon bokitin kicin a hannu da wuƙar yankan kifi mafi kaifi a ciki. Ulamila ta tsaya a bakin rumfa ta riƙe ƙugu ta buɗe murya, ta zage su su biyun har da kawun da ya ɗaure musu gindi, duk ƙauyen na ji. Yarinyar ta waiwayo ta ɗaga mata hannu, ba ta ce ta gode ba, ta ci gaba da tafiya.